Matsi da Amsa-Kuwwa: Nazari a kan Muryar David Bowie cikin Waƙar "Heroes"

Masu sana'ar haɗa sautin waƙa suna da wata ƙa'ida wadda kowane almajiri kan haddace tun farko, watau a fara matse muryar mawaƙi, sa'an nan a sa mata amsa-kuwwa. Matsi shi ne aikin na'urar da ke danne murya in ta yi ƙarfi ainun, domin a sami halin ɗaga wuraren da ta yi rauni. Amsa-kuwwa kuwa ita ce jelar sautin da ke bin bayan kalma, irin wadda mutum kan ji in ya yi sallama cikin babban soro.

Dalilin ƙa'idar a fili yake. In aka juya tsarin, na'urar matsi ba ta bambanta murya da jelarta. Sa'ad da mawaƙi ya ɗaga murya sai ta danne su duka biyu. Da ya tsaya numfashi sai ta saki, jelar ta kumbura, har ta hau kan baƙin farko na kalma ta gaba. Hujja ce mai ƙarfi. Amma fa akwai abin da malaman sana'ar ba su cika faɗa ba: muryar da aka riga aka daidaita, amsa-kuwwarta ma a daidaice take fitowa. Ko raɗa mawaƙi ya yi, ko kururuwa, kusan amsa ɗaya zai samu, alhali ginin gaske ba haka yake yi ba.

Faifan da ya fi fito da wannan naƙasa fili shi ne "Heroes", wanda aka ɗauka a 1977 cikin babban zauren Hansa, dab da katangar da ta raba birnin Barlin a zamanin. Tony Visconti, wanda ya ɗauki muryar, makirufo uku ya kafa: ɗaya a bakin Bowie, ɗaya wajen ƙafa 20 daga gare shi, na uku wajen ƙafa 50. Na kusa ya matse da ƙarfi. Na nesa biyun ya sa musu wata na'ura mai aikin ƙyaure, ba ta buɗewa sai murya ta kai wani ƙarfi.

Abin lura a nan shi ne, matsi bai riga amsa-kuwwa ba, bai kuwa biyo bayanta ba. Hanya dabam kowannensu ya bi. Zauren muryar mutum ya ji, ɗanya, ba wadda na'ura ta gyara ba. Saboda haka baitocin farko kamar a kunnen mai sauraro ake faɗinsu. Wajen tsakiya, da Bowie ya haura sama, sai bango ya soma amsawa, mai sauraro ya ji mutumin yana ƙara ƙoƙari yana kuma ƙara nisa, kalmominsa ba su dushe ba. Mawaƙin ne ke buɗe zauren da maƙogwaronsa.

Dabarar dai da kasada. Layi ɗaya ya rage a tef, sai aka zuba makirufo ukun a kansa, ba damar raba su daga baya. Kuma ba ta cika sai da haƙuri: waƙar minti 6 ce, amma ƙaramin faifan da aka fitar don gidajen rediyo an datse shi zuwa wajen minti 3 da rabi, aka zubar da mafi yawan baitocin da ake yi a hankali. A cikinsa zauren yakan buɗe tun kunne bai saba da ƙuncin ba.