Marinin Alƙaluma

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda marini yake tsoma ƙyalle a ruwan baba, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake mayarwa. Tsomin farko shuɗin da haske yake fitowa, kafin a kai na ƙarshe ya kusa zama baƙi. Babu ma'auni a hannunsa, ido ne ya san inda za a tsaya. Wannan marinin nake tunawa duk sa'ad da na zauna kusa da gwanin ƙididdiga yana zaɓen launukan zanensa a R.

R harshen kwamfuta ne na masu ƙididdiga, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990. Yana zuwa da jerin launuka takwas a ajiye. Ka kira lamba 1 ya ba ka baƙi, 2 ja, 3 kore, 4 shuɗi, in ka nemi na tara ya koma kan na farko. Ɗan koyo bai ma san da jerin nan ba, abin da ya faɗo masa a allo shi ne rabonsa. Gwani kuwa ba ya zana komai sai ya buga umarnin palette ya ga abin da ke hannunsa, sannan ya jera launukan gefe da gefe da show_col ko display.brewer.all ya ƙare musu kallo. Haka mai sayen atamfa take fito da ita daga inuwar rumfa zuwa hasken rana kafin ta biya kuɗi. R ya san sunayen launuka 657, amma ban taɓa ganin gwani ya ruɗe da yawansu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne tambayar da yake fara yi wa kansa: alƙaluman nan wane iri ne? Cynthia Brewer, masaniyar taswira a Jami'ar Jihar Pensilbaniya ta Amurka, ta rarrabe amsar gida uku a tsarinta na ColorBrewer. In adadi ne mai hawa, kamar yawan ruwan sama daga Agadas zuwa Jos, sai a bi hanyar marini: launi ɗaya, daga haske zuwa duhu. In abu ne mai tsakiya, kamar riba da asara, sai a sa launi biyu su ba juna baya, fari-fari a tsakaninsu. In kuwa jinsi ne, gero da dawa da masara da shinkafa, babu babba babu ƙarami, dole launukan su bambanta amma nauyinsu a ido ya zama ɗaya. Ka ba dawa ja mai ƙarfi, ka ba gero rawaya mai dishi-dishi, ka riga ka gaya wa mai karatu dawa ce sarauniyar gona, alhali alƙalumanka ba su ce haka ba.

Sai maganar bakan gizo. Shekaru da yawa masana sun yi ta shafa wa taswirorinsu launukansa, don suna ɗaukar ido. Kyau kam akwai, gaskiya ce babu. Rawayar da ke ciki ta fi sauran haske, sai ido ya hango iyaka inda babu iyaka. A 2015 Stéfan van der Walt da Nathaniel Smith suka fito da jerin launuka mai suna viridis don masu aiki da harshen Python, daga baya ya shigo R. Yana tasowa daga shunayya mai duhu, ya ratsa shuɗi da kore, ya ƙare a rawaya, haskensa na ƙaruwa daidai wa daida. Mu da rahotanninmu suke ƙarewa a shagon fotokwafi baƙi da fari, wannan ba ƙaramin alheri ba ne: mai yawa yana nan a mai yawa, ko da launin ya tafi.

Gwani yana kuma tuna wanda ba ya bambance ja da kore. A cikin Turawa kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu haka yake, ga shi kuma a jerin R ja da kore maƙwabta ne. Masana biyu na Japan, Masataka Okabe da Kei Ito, sun tsara jerin launuka da irin wannan ido yake iya rarrabewa. Da R 4.0.0 ya fito a watan Afrilun 2020, an sassauta kaifin tsohon jerin, aka kuma ƙara umarnin palette.colors, wanda in ka kira shi ba ka zaɓi komai ba, na Okabe da Ito yake miƙo maka. Akwai ma ƙunshin colorspace, mai nuna maka zanenka yadda mai wannan lalura zai gan shi. Na ga wata ƙwararriya ta yi wannan gwajin, layuka biyu suka haɗe suka zama ɗaya a allo. Ba ta ce uffan ba, ta canza layi ɗaya a rubutunta, ta sake bugawa.

Kai mai rubuta kundin digiri ko rahoton ofis, kafin ka miƙa, buga zanenka baƙi da fari ka duba. In gero da dawa suka zama abu ɗaya a takarda, koma karofi.