Good to Great: Binciken Kimiyya Ne Ko Labari Mai Daɗin Ji?

Idan ka taɓa halartar taron horar da ma'aikata, ko ogan ofishinku ya dawo daga wani kwas da sababbin kalmomi a baki, mai yiwuwa ka ji an kwatanta kamfani da motar bas. Wai aikin shugaba na farko shi ne ya zaɓi waɗanda za su hau, ya sauke waɗanda ba su dace ba, daga baya a yi maganar inda za a dosa. Wannan kwatance ya fito ne daga littafin Good to Great, wanda Ba'amurke Jim Collins ya wallafa a 2001. An sayar da miliyoyin kwafi, an fassara shi zuwa harsuna da dama. Abin da ya ƙara masa kwarjini shi ne ya zo sanye da rigar kimiyya, domin marubucin ya gabatar da shi a matsayin sakamakon binciken shekara biyar.

To, wannan iƙirarin ne muke so mu duba tare da kai. Da shawarar irin waɗannan littattafai ake ɗaukar mutane aiki, ake sallamar wasu, ake hana wasu ƙarin girma. Don haka ya kamata a tambaya: hanyar da Collins ya bi za ta iya tabbatar da abin da ya ce ya gano? Amsarmu ita ce a'a, kuma ga dalili.

Yadda aka yi binciken

Collins da tawagarsa ta mutum 21 sun fara da kamfanoni 1,435 da suka taɓa shiga jerin manyan kamfanonin Amurka na mujallar Fortune tsakanin 1965 da 1995. Sun nemi waɗanda suka yi shekara 15 hannun jarinsu bai fi na sauran kasuwa ba, sannan suka juya, suka yi wata shekara 15 suna ninka kasuwar aƙalla sau uku. Kamfani 11 ne suka tsallake wannan rariya, cikinsu akwai Gillette, Walgreens, Kimberly-Clark, Wells Fargo, Fannie Mae da Circuit City. Kowanne aka haɗa shi da wani takwaransa mai irin sana'arsa wanda bai yi wannan tashi ba. Daga nan suka karanta rahotannin jaridu da mujallu kusan 6,000, suka yi hira da manyan jami'an kamfanonin, suna neman abin da ya bambanta su.

Abin da suka fito da shi yana da daɗin ji. Shugabannin kamfanonin 11 mutane ne masu tawali'u amma masu naci, kuma 10 daga cikinsu a cikin kamfanin suka taso. Misalin da ya fi shahara shi ne Darwin Smith na Kimberly-Clark, mutum mai ƙarancin magana da ya sayar da masana'antun takarda na kamfanin ya koma kayan amfanin gida. Sai batun bas ɗin nan, sai kuma darasin bushiya, wato ka san abu ɗaya da ka fi kowa iyawa ka tsaya a kansa.

A yi wa Collins adalci. Ya faɗi ma'aunin da ya yi zaɓi da shi ƙarara, ya kuma sa kamfanonin kwatanci, abin da littattafai da yawa irin nasa ba su yi ba. Ya kuma yi magana kan tawali'u a lokacin da ake ɗaukar shugabannin kamfanoni masu cika baki kamar taurarin fim. Matsalar tana cikin ginin binciken kansa.

Matsala ta farko: an fara daga ƙarshe

Ka tara mutum 1,435, ka ba kowa kwandala ya jefa sama sau bakwai. A lissafi, damar kwandala ta faɗi ta fuskar da ka zaɓa sau bakwai a jere ita ce ɗaya cikin 128. Raba 1,435 da 128, za ka samu kusan 11. Ka ga ke nan, ko da sa'a zalla ce ke aiki, za a samu wajen mutum 11 da suka "ƙware". Idan ka zaunar da su ka yi ta tonon rayuwarsu, tabbas za ka samu abin da suka yi tarayya a kai. Wataƙila duk da hannun dama suka jefa, wataƙila duk sun karya kumallo.

Ba muna cewa sa'a kaɗai ta ɗaga waɗancan kamfanoni ba ne. Abin da muke cewa shi ne wannan hanyar ba ta da yadda za ta raba sa'a da iyawa. In kana so ka san ko tawali'un shugaba na kawo nasara, sai ka ƙirga dukkan kamfanonin da suka yi shugabanni masu tawali'u, ka ga nawa suka tashi, nawa suka tsaya cik, nawa suka mutu. Littafin bai yi wannan ƙidaya ba. Kamar ka je wurin tsofaffi 11 da suka haura shekara 100 ne ka tambaye su abin da suke sha da safe, duk su ce koko, sai ka shelanta cewa koko ne sirrin tsawon rai. Waɗanda suka rasu suna da shekara 50 fa? Ai su ma kokon suke sha.

Matsala ta biyu: so hana ganin laifi

Wannan ta fi ta farko zurfi. Tun a 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya lura cewa idan hafsoshin soja suka ga wani soja da kyan tsayuwa, sai su ba shi maki mai yawa a basira da shugabanci da ɗabi'a gaba ɗaya. Abu ɗaya mai kyau sai ya haske sauran. Farfesa Phil Rosenzweig ya ɗauko wannan ya auna littattafan kasuwanci da shi a littafinsa The Halo Effect na 2007. Mu kira abin da hasken nasara.

Akwai wani gwaji da Barry Staw ya wallafa a 1975 da ya nuna yadda abin yake aiki. Ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya ba su bayanan kuɗi na wani kamfani su yi hasashen cinikinsa da ribarsa. Bayan sun gama, sai aka gaya wa wasu rukunan sun yi ƙoƙari sosai, wasu kuma aka ce sun gaza. Amma wannan sakamakon ba shi da alaƙa da ainihin aikin da suka yi, haka kawai aka rarraba shi. Da aka tambaye su yadda zamansu ya gudana, waɗanda aka ce sun ci sai suka ce akwai haɗin kai da fahimtar juna a rukuninsu. Waɗanda aka ce sun faɗi kuwa sai suka tuna saɓani da rashin jituwa. Wato sakamakon da aka faɗa musu ne ya sauya yadda suke tuna abin da ya faru.

Yanzu koma kan kayan aikin Collins: rahotannin 'yan jarida da hira da jami'an da suka san kamfaninsu ya yi nasara. Idan riba na shigowa, shugaban da ya ƙi sauya hanya sai a ce jajirtacce ne. Idan asara ta zo, wannan halin dai sai a kira shi taurin kai. Mai yawan shiru a kamfani mai riba tawali'u gare shi, a kamfanin da ke durƙushewa kuma ba shi da kuzari. Rosenzweig ya kawo misalin Cisco: a 2000, da yana cikin kamfanonin da suka fi daraja a duniya, mujallu sun yi ta yabon tsarinsa da al'adar aikinsa. Shekara guda bayan haka da hannun jarinsa ya rushe, sai aka koma sukar tsarin, alhali shugaban bai canza ba. Idan rijiya ta gurɓace, ko guga 6,000 ka ɗebo, ruwan bai zama mai tsabta ba.

Me ya faru da kamfanonin daga baya?

Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A Satumbar 2008 gwamnatin Amurka ta karɓe ragamar Fannie Mae don kada ya ruguje. Circuit City ya bayyana fatara a Nuwambar 2008, ya rufe shagunansa duka a 2009. A 2016 an ci Wells Fargo tarar dala miliyan 185 saboda ma'aikatansa sun buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, don su cika adadin da aka ɗora musu. Ba wannan ne karo na farko ba. Littafin In Search of Excellence na 1982 ya yabi kamfanoni 43, amma kafin ƙarshen 1984 mujallar BusinessWeek ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku sun shiga matsala.

Collins ya ba da amsa a littafinsa How the Mighty Fall na 2009. A ganinsa, wani zamani ne na tarihin kamfanonin ya nazarta, kuma faɗuwarsu daga baya ba ta rushe darussan ba, kamar yadda mai lafiya zai iya daina motsa jiki ya kamu da ciwo. Maganar tana da ma'ana, amma duba inda ta kai mu. Kamfani ya tashi, a ce ya bi darussan. Ya faɗi, a ce ya yi watsi da su. To wane sakamako ne zai iya nuna cewa darussan ba daidai ba ne? Babu. Duk iƙirarin da babu abin da zai iya ƙaryata shi kuwa, ya fita daga da'irar kimiyya.

Yaya bincike mai ƙarfi yake?

Kada ka ɗauka cewa ba a iya nazarin shugabanci a kimiyyance. Ana iyawa. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi gwaji da kamfanonin saƙa 17 a kusa da Mumbai a Indiya, suka wallafa a 2013. Ta hanyar ƙuri'a aka zaɓi masana'antun da za a tura wa ƙwararru na wata biyar, sauran kuma aka yi musu duba na wata ɗaya kawai. Abin da aka koyar ba shi da wani armashi: rubuta duk aibin da aka samu a yadi, duba injina a kan lokaci, ƙirga zaren da ke sito, share wurin aiki. A shekarar farko, ingancin aikin samar da kaya a masana'antun da aka taimaka ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Saboda ƙuri'a ce ta yi rabon tun kafin a ga sakamako, hasken nasara bai samu ƙofar shiga ba. Da masu binciken suka koma a 2017, sun tarar an watsar da kusan rabin sababbin dabarun, kuma sun faɗi hakan a fili.

A Najeriya ma, Imran Rasul da Daniel Rogger sun nazarci ayyukan gwamnatin tarayya fiye da 4,700, inda injiniyoyi masu zaman kansu suka je suka ga ko an kammala su. Sun samu cewa hukumomin da ke ba ma'aikata 'yancin yanke shawara sun fi kammala ayyuka, waɗanda suka fi tsananta sa ido da lada kan ƙwazo kuwa sun fi barin aiki a hanya. Wannan ba gwajin ƙuri'a ba ne, don haka alaƙa ya nuna, bai tabbatar da sababi ba. Amma ya isa ya tuna maka cewa abin da ya yi wa kamfanin Amurka aiki a 1980 ba lalle ya yi wa ofishinku ba.

To, a jefar da littafin?

A'a. Ka karanta shi yadda za ka saurari dattijon da ya ga jiya ya ga yau. Tawali'u abu ne mai kyau, zaɓen mutanen kirki ma haka, ba sai an kawo jadawali ba. Abin da za ka ƙi shi ne a ce maka bincike ya tabbatar, musamman idan da maganar za a raba wani da abincinsa. Idan kai ne shugaba, kafin ka yanke cewa wane bai dace da bas ba, duba ko sakamakon wata uku ne ya sa kake ganin duk halayensa baƙi. Idan kuma a taron horo kake aka kawo maka sirrin kamfanonin da suka yi nasara, ɗaga hannu ka tambayi mai jawabin: malam, waɗanda suka yi irin wannan suka faɗi su nawa ne, kuma wa ya ƙirga su?