Shin Aure Na Cin Sarauta? Darasi Daga Malesiya

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata magana da ke yawo a majalisunmu na gidajen shayin Larabawa da ke Bukit Bintang, duk lokacin da hirar sarakunan ƙasar nan ta taso: wai "mace ce ta ci wa Sarkin Kelantan kujera." Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba.

Ga abin da ya faru. Malesiya na da sarakuna 9, su ne ke zaɓen ɗaya daga cikinsu ya zama Agong, wato sarkin ƙasa baki ɗaya, na tsawon shekara 5. Sultan Muhammad na Biyar ya hau a Disambar 2016. A Nuwambar 2018 labari ya bazu cewa ya auri Oksana Voevodina, tsohuwar sarauniyar kyau ta birnin Mosko. Ranar 6 ga Janairun 2019 ya yi murabus, abin da wani Agong bai taɓa yi ba. Fada ba ta bayyana dalili ba, kuma ya ci gaba da zama Sarkin Kelantan. To in da aure ne ya karya doka, don me sarautar gidansu ba ta tafi ba?

Mu dubi Johor. Mahaifiyar Sultan Ibrahim Baturiyar Ingila ce, amma ya gaji mahaifinsa a 2010, kuma a Janairun 2024 sarakunan nan suka ɗora shi a kujerar Agong. Ashe zuriyar uba ake dubawa, ba garin uwa ba.

Haka abin yake a gida. Mahaifiyar Aminu Ado Bayero 'yar gidan sarautar Ilori ce, hakan bai hana a naɗa shi Sarkin Kano a Maris 2020 ba. Da aka sauke shi a Mayun 2024, dokar majalisar jiha aka kafa hujja da ita, babu wanda ya ambaci uwarsa. A al'adance Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ke zaɓe, gwamna ya sa hannu. Kai, ko a labarin Daura, Bayajida baƙo ne da ya auri sarauniya, jikokinsa suka yi sarautar Hausa Bakwai.

Ban ce aure ba ya tasiri ba. Yana iya sauya zuciyar masu zaɓe, ya ba 'yan adawa abin faɗa. Amma ra'ayin mutane daban, doka daban.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Cikinmu akwai 'ya'yan sarakuna da na hakimai, wasu sun auri 'yan Malesiya ko Indonesiya. Idan mu masu karatu muka riƙa yaɗa cewa matar waje na rage darajar ɗa, gobe da wannan maganar za a tare 'ya'yanmu a zauren gado. Allah Ya sa mu gane.