Masu wayarin na Minna: lasisi, lissafi da ladan aiki

Jihar Neja ce ke riƙe da manyan madatsun ruwan da ke ba Najeriya wuta. Kainji ta fara aiki a 1968, Shiroro a 1990, ga kuma Zungeru mai megawat 700 da ta shigo daga baya. Amma duk girman madatsa, wutar da ta haifa ba ta shiga ɗakin mutum a Tunga ko Maitumbi sai ta bi ta hannun mai wayarin. Aikinsa kuwa, da zarar birkila ya shafe bango da filasta, ba mai sake ganinsa. Shi ya sa mutane da yawa ke raina shi, suna ganin ai haɗa ja da ja ne kawai, baƙi da baƙi.

Ka tsaya wurin gwani ranar da aka kai shi kangon gini, za ka ga bai fara da guduma ba. Tambaya yake farawa da ita: "Alhaji, esi nawa za a sa? Uwargida da risho mai lantarki take girki ko da gas? Akwai injin jan ruwa?" Daga amsoshin nan yake fitar da lissafinsa. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, don haka hitar ruwa mai wat 3,000 tana jan kusan amfiya 13 ita kaɗai. Wayar milimita 1.5 ta fitilu ce da fanka. Soket yana son 2.5, esi da hita da abin girki kuma 4 ko 6, kowanne da layinsa da birekarsa. In aka ɗora wa siririyar waya kayan da ya fi ƙarfinta, ba nan take za ta nuna ba. Za ta yi ta ɗumi a cikin bututu, robar jikinta na bushewa, har ranar da zafin Maris ya haɗu da na silin a ji ƙauri. Wanda ya san Minna yana barin sarari a lissafinsa saboda wannan zafin.

Inda na fi jinjina wa masu wayarin shi ne wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa kafin ta bi ta jikin mai taɓa firji. Minna gari ne na duwatsu. A wasu unguwanni, kamar wajajen Dutsen Kura, ba ka yi nisa da haƙa ba za ka ci karo da fa, busasshen dutse kuwa ba ya karɓar wuta. Mai gaggawa zai soka guntun ƙarfe ya rufe. Gwani yana neman wuri mai laima, ya kafa sandar jan ƙarfe, wani lokaci biyu ko uku a haɗe, ya zuba gawayi, sannan ya ɗauko na'ura ya auna, domin ido ba ya gane ko ƙasa ta karɓa. Ya kuma san cewa abin da aka auna da damina ba shi za a samu a tsakiyar rani ba.

Akwai kuma wani nauyi da mai wayarin na Ingila, wadda daga gare ta muka gaji soket mai ƙafa uku, bai cika saninsa ba. Gidan Minna yakan sha wuta daga wuri biyu ko uku: ta kamfani, ta janareto, yanzu kuma ga sola da inbata. Dole a sa makunnin sauya layi yadda ba za su taɓa haɗuwa ba. In wutar janareto ta koma kan layin waje, taransfoma na iya ɗaga ƙarfinta, ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton an ɗauke wuta.

Saboda irin wannan haɗari ne aka ɗaure sana'ar da takardu. Yawancin masu yin ta a shagon maigida suka tashi, suna fasa bango da jan waya shekara da shekaru. Wasu sun bi ta kwalejin fasaha ta gwamnati suka rubuta jarrabawar NABTEB, wasu suka yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ake hawa daga mataki na 3 zuwa na 2 zuwa na 1. Masu digiri daga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, rajistarsu ta injiniya tana wurin hukumar COREN. Amma takardar da ke ba mutum ikon sa hannu a kan wayarin ita ce shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da doka ta kafa a 2015 don duba ingancin ayyukan lantarki. Ita ma hawa-hawa ce: wanda aka yarje wa wayarin gida ba shi da hurumin taɓa layin kilobolt 11 ko 33. Ana biyan kuɗi a karɓe ta, ana kuma sabunta ta. Masu lasisin suna da ƙungiyarsu, LECAN, kuma mai neman kwangilar gwamnati sai ya ƙara da rajistar kamfani a hukumar CAC.

Amfanin takardar yana fitowa ranar neman wuta. Da aka sayar da kamfanonin rarraba lantarki a 2013, Neja ta faɗa yankin kamfanin AEDC, ko da yake har gobe NEPA mutane ke cewa. Fom ɗin neman sabon layi yana buƙatar sa hannun mai lasisi da ke shaida cewa wayarin gidan ya inganta. Sa hannun nan ɗaukar alhaki ne, shi ya sa na ƙwarai ba ya sa shi a kan aikin da bai gwada ba, ko da an ce ɗan'uwa ne ya yi.

Batun kuɗi kuwa, ladan aiki yawanci da ƙidayar maki ake yanke shi: kowace fitila, kowane soket, kowane makunni maki ɗaya ne, a ninka da abin da aka daidaita. Na esi da hita ya fi tsada, haka wayarin cikin bango ya fi na kan bango, saboda fasa bulo da binne bututu. Amma ladan ba shi ne babban kaso ba, kaya ne ke cinye kuɗin, musamman waya, wadda farashinta ke bin jan ƙarfe da dala. Tun bayan da aka saki naira a Yunin 2023, takardar ƙiyasi ba ta daɗewa ba ta tsufa ba. Mita ma haka: a Satumban 2023 hukumar NERC ta sa mai layi ɗaya a kan naira 81,975, mai layi uku a kan 143,836, kafin a bar farashin ga gasar kamfanoni a 2024.

A nan ne mai gida kan so ya rage, a nan ne kuma gwani ke taurin kai, don araha ba ta ado. Zai ce a sayi wayar Coleman ko Cutix ko Nigerchin, kuma ko sunan ya gani a jikin naɗin bai gamsu ba, tunda ana buga na jabu. Sai ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya fere bakin wayar ya kankare ta da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, sai ya mayar wa mai shago kayansa.