Kalmomin "Tuhuma" da "Laifi" a Hausar Kotu: Waiwaye a Kan Shari'ar Amina Lawal

Masu fassara labaran kotu kan gwamutsa "wanda ake tuhuma" da "mai laifi", alhali sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya bambanta su. Shari'ar Amina Lawal ta fito da illar wannan sakaci. A 2002 kotun Bakori ta yanke mata hukuncin rajamu, ta Funtuwa ta tabbatar. Lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, suka kafa hujja da fiƙihun Malikiyya kan kwantaccen ciki da kuma halaccin janye iƙirari. A 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta wanke ta. Ke nan, mai fassarar da ya laƙaba mata laifi tun ranar gurfanarwa ya yi riga-malam-masallaci.