Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarken Sabon Alƙalamin Parker 51 da Ƙorafin Masu Tara Alƙaluma

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2021 kamfanin Parker ya sake fito da shahararren alƙalaminsa mai shan tawada, wato Parker 51, bayan kimanin shekara hamsin da daina ƙera shi. Abin da aka saba ji idan ɗan gida ya dawo daga doguwar tafiya shi ne guɗa, amma a wannan karon gunaguni ya fi yawa, musamman daga masu sha'awar tara tsofaffin alƙaluma, waɗanda su ne suka fi kowa sanin na asalin. Wannan maƙala za ta yi tarken sabon alƙalamin, sannan ta auna ƙorafin da aka yi a kansa. Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa mujallar ƙagaggun rubuce-rubuce da alƙalamin Bature. Abin da ya haɗa su tambaya ce guda wadda mu ma take gabanmu kullum: idan aka ce an farfaɗo da tsohon abu, mene ne ya wajaba a riƙe, mene ne kuma za a iya saki ba tare da an ci amanar sunan ba?

2.0 Asalin Alƙalamin

George Safford Parker ne ya kafa kamfanin a garin Janesville na jihar Wisconsin ta Amurka a 1888. An kammala tsara alƙalamin da muke magana a kansa a 1939, lokacin da kamfanin ya cika shekara 51, daga nan ya samo sunansa, aka kuma sa shi a kasuwa a 1941. Abin da ido ke fara gani a jikinsa shi ne lulluɓin da ya rufe bakinsa, ta yadda ɗan tsinin zinariya kawai ke leƙowa. Wannan lulluɓi yana da dalili. Kamfanin ya ƙirƙiro wata tawada mai saurin bushewa a kan takarda, ita kuwa irin wannan tawada in ta sha iska a bakin alƙalami sai ta daskare. Saboda haka aka naɗe bakin kamar ɗan bututu, aka kewaye shi da wata matattara mai siraran haƙora kamar na matsefi wadda ke riƙe rarar tawada, sannan aka kifa lulluɓi a kansu. Da haka bakin ke zama a jiƙe, tawada ba ta ɗiga, rubutu kuma ba ya yankewa.

Shan tawadarsa ma a cikinsa yake. Na farkon yana da ɗan famfo a gindi wanda ake dannawa ya zuƙo tawada cikin gangar jiki. Daga 1948 aka koma wata 'yar jaka mai laushi da ake matsawa, wadda ta yi ƙarko har da yawa daga cikinsu suna aiki zuwa yau. Murfinsa zarewa ake yi da ja ɗaya, a mayar da shi da turi ɗaya. A taƙaice, kowace gaɓa ta wannan alƙalami amsa ce ga wata matsala ta mai rubutu. Siffar da ta sa ya yi suna aikinsa ne ya haife ta.

Ko a nan gida alƙalami mai shan tawada yana da tarihinsa. Tun da hedikwatar masarautar Gombe ta tare a garin Gombe na yanzu a 1919, sannan jirgin ƙasa ya iso a 1963, garin ya tara akawunan En'e da malaman makaranta da malaman sikelin auduga. A tsofaffin unguwanni irin su Herwagana, maƙalin alƙalami a aljihun gaba shaida ce ta cewa mai rigar ya yi karatu kuma hannunsa na iya ɗaure magana. Biro mai araha ne ya zo ya ture shi daga aljihu, kamar yadda ya yi masa a sauran duniya.

3.0 Sabon Fitowa da Ƙorafin da ya Biyo Baya

Alƙalamin 2021 ya ɗauko fuskar kakansa sak: ga siririn jiki, ga maƙali mai siffar kibiya, ga lulluɓi a baki. Bambancin yana ciki. Na farko, murfinsa murɗawa ake yi. Na biyu, ba shi da mazuƙin tawada na kansa, sai dai a cusa masa ɗan kurtun roba da aka cika tun daga masana'anta, ko wani ɗan mazuƙi da ake cirewa. Na uku, bakin da ke ƙarƙashin lulluɓin ba naɗaɗɗen bututun nan ba ne mai babbar matattara, ƙaramin baki ne irin na gama-gari. Na huɗu, mai sauƙin kuɗin daga cikinsu bakinsa na ƙarfe ne, sai mai tsadar ne ke da na zinariya.

A kan waɗannan abubuwa huɗu ƙorafin masu tara alƙaluma ya ginu. Sun ce an sayar musu da riga ne babu mai ita a ciki. Sun ƙara da cewa kuɗin da mutum zai biya ya sayi sabon, sau da yawa ya isa ya sayi tsohon da aka gyara, mai bakin zinariya. Abin da ya fi yi musu ciwo shi ne, masu kwaikwayo na ƙasar Sin, alal misali masu ƙera Wing Sung 601, sun riƙe murfin ja da famfon gindi, suna kuma sayarwa da araha ƙwarai. Wato bare ya fi ɗan gida kama da uban gida.

4.0 Auna Ƙorafin

A ganinmu, ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na lulluɓi da baki. A tsohon alƙalamin lulluɓin wani ɓangare ne na tsarin da ya haɗa naɗaɗɗen baki da matattara da tawada ta musamman. Da aka cire sauran aka bar shi, ya koma kusan ado zalla, kamar zankayen da aka ɗora a kan ginin siminti mai rufin kwano. Haka nan batun murfi. Wanda ya taɓa ɗaukar bayani a aji ko a zaman kotu ya san cewa buɗe alƙalami da rufe shi sau talatin a awa ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Murɗawa na cin lokacin da ja ba ya ci. A nan masu ƙorafi suna da gaskiya, domin an taɓa aikin alƙalamin ne kai tsaye.

Amma akwai inda suka zarce. Kukan da ake yi a kan kurtun roba ya manta da cewa robar famfon na farko tana ruɓewa, kuma sauya ta sai gwani mai kayan aiki, wanda ba a kowane gari ake samunsa ba. Ɗalibin da ke Gombe ko Kumo wanda famfonsa ya lalace, wa zai kai wa? Tawadar nan mai saurin bushewa ita ma an daɗe da daina yin ta, saboda tana cin jikin wasu alƙaluman. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Batun zinariya kuwa ya fi kusa da alfahari, tun da ba zinariyar ce ke taɓa takarda ba. Ɗan ƙwayar ƙarfe mai tauri da ake liƙawa a tsinin baki shi ke yin rubutun, ko bakin na zinariya ne ko na ƙarfe.

Akwai kuma wani rauni a matsayin wasu daga cikin masu tarawar. Wanda ya jera alƙaluma a akwatin gilashi, bai taɓa ɗura musu tawada ba don kada darajarsu ta faɗi, ya mayar da su kamar kwallayen jeren amarya da ba a zuba abinci a ciki. Irin wannan mutum, laifin da yake zargin kamfani da shi, wato fifita kallo a kan aiki, shi ma ya aikata. Hukuncinmu dai shi ne: sabon alƙalamin yana rubutu, ba kuma abin yarwa ba ne, amma sunan da aka laƙaba masa ya fi ƙarfinsa. Da an ba shi wani suna, da babu mai ɗaga murya.

5.0 Ma'auni Daga Alƙalamin Kara

Muna da ma'auni a gida wanda ke warware wannan gardama. Alaramma yana feƙe sabon alƙalami daga karan gamba ko na dawa duk lokacin da tsohon ya dakushe, ya tsaga bakinsa, ya tsoma a kurtun tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro. Alƙalamin da ke hannun almajiri a tsangayun Gombe yau wataƙila bai yi mako guda a duniya ba, amma ba mu taɓa jin an ce ba shi ne na kaka da kakanni ba. Dalili kuwa shi ne abin da aka gada ilimin feƙewa ne: yadda za a karkata wuƙa, da faɗin baki, da zurfin tsagar da tawada ke bi. Shi ne ke ba rubutun allo kaurinsa da sirantakarsa. Karan na iya zama dogo ko gajere, fari ko ja, babu wanda ya damu. Alaramma ya riƙe aiki ya saki siffa, kamfanin Parker kuwa ya riƙe siffa ya saki aiki. Wannan shi ya sa ɗaya ake kiransa gado, ɗayan kuwa kwaikwayo, ko da yake mai kwaikwayon shi ne mai sunan.

6.0 Abin da ya Shafi Marubutanmu

Duk wanda ya saba duba rubuce-rubucen ɗalibai ya san cewa irin wannan sabon Parker 51 ya yi yawa a cikinsu. Matashi zai ce zai farfaɗo da salon Abubakar Imam, sai ya kawo sarki da waziri da aku mai ba da labari. Ya manta cewa a littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, labaran aku aiki suke yi: da su yake riƙe ɗan sarki a gida, ya hana shi faɗawa tarkon da aka ɗana masa. Kowane labari jinkiri ne da ake saye da baki, shi ya sa mai karatu ke ɗokin na gaba. In aka ɗauko aku aka bar wannan haɗari, an ɗauko lulluɓi ke nan an bar matattara.

Haka abin yake a rubutacciyar waƙa. Da yawa sukan kiyaye amsa-amo a ƙarshen kowane baiti, domin shi ido ke gani, su bar kari yana ɗingishi, alhali kuwa kari shi ne ke ɗaukar waƙa idan an zo rerawa. A zube kuma, akan yayyafa karin magana a kowane sakin layi kamar barkono, ba tare da ta yanke wata gardama ko ta rufe bakin wani ba, wanda shi ne aikinta a bakin dattawa. Su ma matarka suna da nasu rabon: wanda ke ƙin kowane sabon littafi don kawai bai yi kama da na gasar 1933 ba, ɗan'uwan mai akwatin gilashi ne.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa siffar tsohon Parker 51 daga aikinsa ta fito, sabon kuma ya gaji siffar ya bar yawancin aikin. Mun ga cewa masu ƙorafi sun yi daidai a kan baki da murfi, sun kuma wuce gona da iri a kan kurtu da zinariya. Shawararmu ga mai son ɗauko tsohon salo ita ce, kafin ya ara, ya tambayi kansa matsalar da wannan salo ya zo warwarewa, da kuma ko matsalar tana nan a cikin nasa rubutun. In tana nan, ya ɗauka da duk kayan cikinsa, domin da tsohuwar zuma ake magani. In babu ita, ya feƙe nasa alƙalamin, ya kuma raɗa masa sunan da zai iya ɗauka.