Kwale-kwale a Ƙasar Duwatsu: Nazari Kan Gyaran Jirgi a Tiga

An san ƙasar Rano da Kibiya da duwatsu da noma tun zamanin Hausa Bakwai. Babban ruwa baƙo ne a nan. Sai da gwamnatin Audu Baƙo ta datse Kogin Kano, aka kammala madatsar Tiga a 1974, sannan mutanen Rurum da Ruwan Kanya suka wayi gari da tafki a bakin gonakinsu. Masunta suka zo daga nesa da kwale-kwalensu, 'ya'yan manoma kuma suka koyi riƙon filafili.

Tuƙi ba ya daɗewa bai zauna a hannu ba. Gyara shi ne mai wuyar koyo.

Jirgin katako yana da maƙiya uku: rana da ruwa da tsatsa. Idan aka bar shi a tudu lokacin hunturu, katakon ya bushe ya tsuke, mahaɗa ta buɗe. Idan ya daɗe a ruwa ba a duba ba, gansakuka ta kama cikinsa, ƙasan ya fara ruɓewa. Ƙusa kuwa tana cin tsatsa a ɓoye, ba a ganewa sai katako ya ɗaga. Shi ya sa gwanin masunci ke jawo jirginsa gaɓa, ya kifa shi, ya kankare, ya bi kowace mahaɗa da yatsa. Inda ya ji kafa, sai ya cusa auduga ko tsumma da bakin wuƙa, ya narka kwalta ya shafe. Tsaga mai faɗi a rufe ta da ɓallin kwano, a jera ƙananan ƙusoshi kusa da juna. Ko bayan wannan, ba ya shiga ruwa sai da ƙwaryar kwarfa a gefen ƙafarsa, domin babu jirgin katakon da ba ya ɗan tsatsafo.

Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Yaro yana ɗaukarsa ne daga uba ko maigida, tare da ɗinkin kalli da sanin sa'ar da iskar hadari ke tasowa. Tarwaɗa da karfasar da ake kaiwa kasuwannin yankin daga tafkin duk a kan wannan aiki suka dogara.

Sai dai katako ya yi tsada, kuma mai jirgi kan ɗaga gyara zuwa baɗi. Jihar Kano ta ga abin da ganganci ke jawowa a ruwa: a Nuwamba 2021 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

Ya kamata sarakunan ruwa da ƙananan hukumomin da ke kewaye da Tiga su riƙa duba kowane jirgi kafin faɗuwar damina, su ƙayyade masa lodi, su kuma wajabta rigar ruwa ga duk wanda zai hau.